Faranti biyu tsakanin ofis da sito

Ofishinmu yana bakin kasuwar Dawanau, sitonmu kuma yana can baya, tafiyar kilomita huɗu. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya a ofis take. A da, duk buhun riɗi ko zoɓo da ya shiga sito, yaron sito zai rubuta a littafi, ya ɗauki hoton shafin ya turo ta WhatsApp, ni kuma in kwana ina shigarwa. Mun gwada sa layin data nan da can. Kuɗin wata-wata ya ishe ni, ga shi da rana tsaka, lokacin da motoci ke sauke kaya, a nan sabis yake fara rarrafe.

Ƙanen matata ne, mai harkar kwamfuta, ya ce, "Yaya, ai ba intanet kake nema ba, so kake kwamfutocin su ga juna kawai." Shi ya kawo Ubiquiti LiteBeam 5AC guda biyu. Kowanne kamar ƙaramin farantin setilayit yake, ɗaya a kan rufin ofis, ɗaya a sito, suna fuskantar juna. Waya ɗaya ce ke kai masa wuta ta kuma ɗauko saƙo, kuma abin da yake ci bai wuce wat 7 ba, don haka ko an ɗauke wuta batirin inbata bai san da shi ba. Saye ɗaya ne, babu mai zuwa karɓar kuɗi ƙarshen wata.

Sai dai fa sharaɗinsa guda: dole farantan biyu su ga juna, ido da ido. Ranar farko mun sha wuya. Wata ƙatuwar darbejiya ce a tsakani, ta maƙwabci, kuma ba a ce wa dattijo ya sare bishiyarsa saboda riɗinka. Sai da mai walda ya ƙara wa sandar sito tsawo. Yaro yana sama yana murza farantin, ƙanen nawa yana ƙasa da kwamfuta a cinya yana ta "hagu kaɗan, tsaya, ka wuce!" har la'asar sakaliya. Tun daga ranar, da an shigar da buhu a sito nake ganinsa a ofis, ko shayina bai huce ba. Ƙurar hunturu ba ta dame shi ba. Tsawa ce abin tsoro, shi ya sa muka binne ƙarfe muka ja masa waya zuwa ƙasa kafin damina.

Wanda reshensa yake wani gari, ko dogayen benaye suka tare masa, kada ya ɓata kuɗinsa, wannan ba nasa ba ne. Wasu sun ce in sa Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, tunda ya shigo Najeriya a 2023, amma biyan wata-wata don rasit ɗin buhuna ya yi mini yawa. Yanzu dai darbejiyar nake sa wa ido, don na ga ta ƙara reshe.