Kwana huɗu a gidan kogo a Santorini: gida ya haɗu, amma ina sirri?

Ni da maigidana mun yi kwana huɗu a wani gida a garin Oia, can arewacin tsibirin Santorini a ƙasar Girka, kuma tun da muka dawo nake ta cewa zan rubuta wannan saboda 'yan uwana mata masu ganin hotunan wurin a Instagram suna sa rai.

Gidan asalinsa kogo ne da aka haƙa a jikin dutse, mutanen da suna ajiye giyar inabi a ciki, shi ne aka gyara aka shafa masa farin fenti aka zuba kayan alatu. Wallahi ranar da muka shiga sai da na yi shiru. Rufin a lanƙwashe, bango mai kauri, waje rana na dukan mutum amma ciki sanyi kamar ruwan randa, esi ma ba mu cika kunnawa ba. Kana fitowa ƙofa ga teku shuɗi a ƙasanka, ga baƙin tsibirin dutsen mai aman wuta a tsakiya. Matar da ke kula da gidan ta ce girgizar ƙasa ta 1956 ta rusa gidaje da yawa a garin, mutane suka watse, daga baya ne aka dawo ana gyara kangwayen. Mutuniyar kirki ce, da muka ce ba ma cin alade ba ma shan giya ta kwashe kwalbar da aka ajiye mana ta kawo lemo da ɓaure da ƙananan tumatir ɗin nan nasu masu zaƙi. A daren farko da an tambaye ni tauraro biyar zan ba su.

To amma fa dalilin da ya sa muka biya wannan uban kuɗi, kun dai san farashin irin waɗannan gidaje a watan Yuli, shi ne wurin ninkaya namu mu kaɗai. Sau biyu maigida ya rubuta musu yana tambaya, ba mai ganin mu? Suka ce babu. Ni ban taɓa shiga ruwa a gaban maza ba kuma ba a nan zan fara ba.

Rana ta biyu da la'asar sakaliya ina cikin ruwa kaina ba ɗankwali, sai na ji dariya a samana. Na ɗaga kai, mutum uku a tsaye a kan rufin ɗakinmu, mace ɗaya da doguwar jar riga sai maza biyu, ɗaya riƙe da kyamara. Ashe gidajen a jere suke wani kan wani a gangaren dutse, rufinka daidai yake da hanyar da ke samanka, kuma duk yamma jama'a ke cika garin don kallon faɗuwar rana, har da waɗanda manyan jiragen ruwa ke saukewa. Akwai ɗan allo da aka rubuta kar a hau, ko kallonsa ba sa yi. Na nutse har wuya ina kiran maigida, jikina na rawa, tawul yana can nesa a kan kujera. Ya fito ya yi musu magana, mai kyamarar ya ɗaga masa yatsa wai minti ɗaya. Minti ɗaya! A kan ɗakin da muka biya. Har yau ban san ko ina cikin hotunan nan ba, kuma abin da ke cin raina kenan, wani lokaci cikin dare sai ya faɗo min.

Da muka kai ƙara wurin manaja ya ba da haƙuri, ya ce kowa a Oia haka yake fama, ya sa aka kawo babbar lema. Iskar bazararsu da suke kira meltemi ta kayar da ita washegari. Daga nan sai bayan sallar asuba kawai nake shiga ruwa, lokacin ruwan sanyi ƙarara. Tunda ya san kowa haka yake fama me ya hana ya faɗa mana tun muna gida?

Kuma da raina ya ɓaci sai sauran abubuwan suka fara fitowa. Ruwan famfo ɗan gishiri-gishiri, na sha sai na kwalba. Banɗaki ba buta ba tiyo, gorar ruwa muka yi ta amfani da ita, ga kwandon da aka ce a riƙa jefa takarda a ciki saboda bututunsu ƙanana ne. Matakala kuwa kar ma a yi zance, mota ba ta shiga unguwar, wanda ke da ciwon gwiwa ko tsohon ciki kar ya soma.

Maigida ya ce shi zai koma, amma garin Imerovigli inda hayaniya ba ta kai haka ba. Ni dai tauraro biyu na ba su, ɗaya ma don matar nan ce. Duk wadda za ta je ta sa su turo bidiyon da aka ɗauka daga hanyar da ke saman gidan da ƙarfe bakwai na yamma kafin ta biya ko Yuro ɗaya.