Kool Herc ko Grandmaster Flash: me kowannensu ya kawo?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya: ya ji ana cewa DJ Kool Herc ne uban hip-hop, sai kuma ya ji wasu na cewa ba don Grandmaster Flash ba da rap bai tsaya da ƙafarsa ba, to wanne ne gaskiya? Ɗan'uwa, maganganun biyu duk suna kan hanya, amma aikin mutanen ba ɗaya ba ne. Herc ya gano abin da ya kamata a sa wa masu rawa. Flash ya gano yadda za a sa shi ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba.

Herc, wato Clive Campbell, an haife shi a Kingston ta Jamaika a 1955, ya koma unguwar Bronx ta birnin New York a 1967. Ranar 11 ga Agusta 1973 ya yi kiɗa a casun da 'yar'uwarsa Cindy ta shirya a ɗakin taro na gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, mata na biyan santi 25, maza santi 50. Wannan rana ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop. Flash, wato Joseph Saddler, haifaffen Barbados ne a 1958, ya tashi a Bronx, ya karanta aikin lantarki a makarantar koyon sana'a ta Samuel Gompers. Yana cikin samarin da suka je kallon Herc suka dawo da tunani.

Abin da Herc ya lura da shi shi ne, a cikin waƙar funk akwai wata gaɓa da mawaƙi da sauran kayan kiɗa ke yin shiru, a bar ganguna su kaɗai. Ita ake kira break, kuma a nan masu rawa ke zubar da duk abin da suka iya. Matsalar ita ce gajeriya ce, sau da yawa 'yan daƙiƙoƙi. Sai Herc ya riƙa jera waɗannan gaɓoɓi daga faifai daban-daban, kamar "Give It Up or Turnit a Loose" na James Brown, da "Apache" na Incredible Bongo Band, da "The Mexican" na Babe Ruth. Ya kuma sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora su kan na'urorin juya faifai guda biyu, in gangar wannan ta ƙare ya saki ta wancan. Ya sa wa salon suna Merry-Go-Round.

Da ido yake gano wurin. Inda ganga take ita kaɗai, zanen jikin faifai yakan ɗan bambanta a haske, sai ya ɗaga allura ya ajiye ta a can. Ido kuwa ba zai iya kai allura daidai kan bugun farko ba, domin layukan faifai sun fi gashi siranta. Saboda haka sauyin yakan zo da ɗan gibi ko ɗan karo. Masu rawar b-boy, wato samarin da ke rawa a kan break, ba su cika damuwa ba, don ƙarfin Herc yana wani wurin: manyan lasifikoki irin na kiɗan titi a Jamaika, da faifan da ba wanda ya san sunansu, har jiƙa su yake yi ya ɓare takardar sunan don kada abokan hamayya su gane.

Wannan gibin ne ya hana Flash sakat, kuma a nan aikinsa ya fi ban sha'awa, domin gyara ya yi wa kayan aikin kansu. Da farko ya ga DJ ɗin disko Pete DJ Jones yana sauraron faifai na biyu a kunne kafin jama'a su ji, sai ya haɗa wa tasa na'urar makunni mai yin wannan aiki. Na biyu, ya cire shimfiɗar roba da ke ƙarƙashin faifai, ya sa yadi mai laushi da takarda mai santsi, ta yadda zai riƙe faifan da yatsu farantin na ci gaba da juyawa a ƙasa. Na uku, ya zaɓi allura mai zagayayyen baki, wadda ke zama cikin layi ko an juya faifan baya. Na huɗu, ya ja layi da fensirin kala a jikin faifan, ya mai da shi kamar hannun agogo.

Ga yadda aikin ke tafiya. Faifai na ɗaya na kaɗawa a lasifika, na biyu yana riƙe a farkon gangar. Da bugu na 16 ya cika, sai ya saki na biyu ya tura sautin gare shi a lokaci guda. Nan take ya dafa na ɗaya ya juya shi baya yana ƙirga wucewar layin nan, ya tabbatar da wurin a kunne, ya riƙe. Allura ba ta tashi ko sau ɗaya. Flash kan ce bugu 16 gaba daidai yake da juyi 6 baya. Lissafin a fili yake: babban faifai na juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato juyi ɗaya daƙiƙa 1.8, juyi 6 kuwa daƙiƙa 10.8. Wannan ya dace da kiɗa mai bugu kusan 89 a minti. In kiɗan ya kai bugu 107 a minti, juyi 5 ne. Don haka kowane faifai sai an san nasa adadin.

Wuraren da abin ke lalacewa sanannu ne. In an yi kuskuren juyi ɗaya, an kauce da kusan bugu uku, kowa a filin zai ji. In motar na'urar ba ta da ƙarfi, faifan zai ɗan ja kafin ya kai gudunsa, bugun farko ya fito a lanƙwashe. In an bar shimfiɗar roba, riƙe faifai zai tsayar da farantin. In teburin na kusa da lasifika, girgizar sauti na sa allura tsalle. Yawan komawa wuri ɗaya kuma na cinye layin, har a riƙa jin shuuu a farkon gangar.

A ɓangaren makirfo ma akwai bambanci, kuma shi ne amsar rabin tambayarka na biyu. Herc da abokinsa Coke La Rock gajerun kalamai suke jefawa, kiran sunayen mutane da zuga masu rawa, kusan yadda MC ke yi a wurin biki. Doguwar waƙa mai amsa-amo tana buƙatar ganga da ba ta yankewa, wadda mawaƙi zai iya ƙirga bugunta ya san inda baitinsa zai sauka. Salon Flash ne ya ba da wannan. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ranar da ya fara nuna salon, jama'a tsayawa suka yi suna kallonsa maimakon rawa, abin da ya sa ya nemi mai magana. Ya samu Cowboy, daga baya Melle Mel da Kidd Creole da Scorpio da Rahiem suka shigo, aka samu Furious Five, masu karɓa-karɓar baiti a kan ganga ɗaya.

A ganina rashin adalci ne a rage darajar Herc don hannunsa bai kai na Flash ƙwarewa ba, tunda abin da Flash ya gyara a wurin Herc ya gan shi. Abin da ya sa aka fi jin aikin Flash shi ne ya shiga faifai. An daɓa wa Herc wuƙa a wani gidan rawa a 1977, ya ja baya, kuma lokacin da kamfanin Sugar Hill ya fitar da "Rapper's Delight" a 1979, makaɗa aka sa suka kaɗa kiɗan, ba DJ ba. In kana son jin salon Flash da kunnenka, nemi "The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel" na 1981, mai tsawon minti bakwai, wanda ya haɗa da na'urori uku. Ka kasa kunne inda yake yanka waƙar "Good Times" ta ƙungiyar Chic yana dawo da ita, ka ƙirga bugun da hannunka ka ji ko ya kauce.