Silhouette Cameo 4: shekara ɗaya da rabi ina aiki da shi a Yamai, ga amsar masu tambayata

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar da na sa hoton ƴan akwatunan dabino da na yi na sunan ɗiyar ƙanwata mutane ke ta aiko min saƙo, Hajiya da mi kika yanka wannan, almakashi ne ko reza? Wallahi ba ko ɗaya, inji ne, kuma tunda tambayar ta yi yawa bari in yi bayani gaba ɗaya, duk mai niyyar saye ta karanta kafin ta fidda kuɗinta.

Injin dai in ka gan shi kamar imprimanti yake, dogo, sai dai maimakon tawada wata ƴar wuƙa ce a ciki, mu lam muke ce mata, ita ke bin zanen da ka aika daga kwamfuta tana yanka takarda. Ana haɗa shi da kwamfuta ta igiyar USB ko ta Bluetooth. Kamfanin Silhouette na jihar Utah ne a Amurka, wannan samfurin ya fito a 2019, faɗin da yake yanka inci 12 ne wato santimita 30 da rabi, kuma akwai Cameo 5 da ya biyo baya a 2023 amma ni 4 ɗin ke hannuna shi zan yi magana a kai. Kuɗinshi sanda ya fito wajen dala 300 ne, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa ba, ga kuɗin ɗauko ga na duwan a kai. Nawa yayana ne ya sako min shi cikin jaka daga Faransa, don haka kan wayar wutar ya dace da namu, na jona kai tsaye.

Abin da ya sa na ɗauke shi ban ɗauki Cricut ba, wato injin yanka irinshi na wani kamfani, guda ne, intanet. Manhajar da ke tuƙa shi, Silhouette Studio, in ka sauke ta sau ɗaya a kwamfuta shi ke nan, kana iya zane kana iya yanka ko babu rezo. Ta Cricut kuwa sai ka buɗe asusu, kuma ɗora sabon zane yana son intanet. Ga mai wifi a gida wannan ba magana ba ce, amma ni da nake sayen megas kaɗan-kaɗan kuma mafi yawan aikina da dare nake yi bayan yara sun kwanta, ai babu ja. Sai dai ku sani portabul kaɗai ba ta isa ba, akwai wata manhaja ta waya Silhouette Go amma ta aika yanka ce, zane na gaske sai an zauna gaban kwamfuta mai Windows ko Mac.

To yanzu maganar fishiye, wato fayil ɗin zanen da ake saye, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Injin ba ya ganin hoto yadda ni da ke muke gani, layi yake bi, shi ya sa ake sayar da zanen a SVG ko DXF, su layuka ne zalla, ko ka ƙara girma ko ka rage ba ya dushewa. Studio ta kyauta tana buɗe DXF, tana kuma iya bin gefen hoton PNG ta fidda layi, amma SVG sai ka biya ka koma Designer Edition, wato Studio ta kuɗi, biya ɗaya ne ba na wata-wata ba. Kafin in biya na yi watanni ina juya SVG zuwa DXF da wata manhajar zane Inkscape wadda ita kyauta ce, yana yi, amma launuka na ɓacewa sai ka zauna kana rarrabe wane layi ne na yanka wane ne na naɗi, ranar da na biya na huta sosai. Ana samun fishiye a shagunan intanet, a Etsy, a Creative Fabrica, da shagon Silhouette ɗin kanshi, dukkansu da katin Visa ake biya. Kuma don Allah ku riƙa duba lasisi, wani zanen na amfanin gida ne kawai wani kuma an yarda ka sayar da abin da ka yi da shi, haƙƙin mutum ne ko da yana can wata uwa duniya bai ganin ka.

Ga abin da ya faru da ni a farko. Na sayi zanen wani akwati mai murfi wurin wata mai sayarwa, hoton ya yi kyau sosai, ban karanta bayanin ba sai da na buɗe na ga ashe an zana shi ne don takarda mai inci 12 kowane gefe, irin wadda suke da ita can, mu kuwa nan A4 ce ta cika kanti, santimita 21 da 29.7. Na ce to bari in rage girman ya shiga A4, ya shiga kam, amma akwatin ya koma ko dabino uku ba ya ɗauka, kuma ƴan tsagogin da ake cusa kunnen murfi su ma sun ragu tare da shi alhali kaurin takardata bai ragu ba, sai kunnen ya ƙi shiga, in na matsa ya yage. Saura kwana biyu suna. Daren nan sai da na buɗe kowace tsaga da hannu a kwamfuta. Tun daga nan ba na sayen fishiye sai na ga an rubuta yana shiga A4, ko aƙalla takardar Amurka mai inci 8.5 da 11 wadda ta kusa da tamu.

Takarda ita ce rabin aikin. Ta fotokopi mai giram 80 ba ta akwati ba ce, ga furanni ma sai da lallashi. Bristol, takardar nan mai kauri, mai giram 180 ita na fi jin daɗi, in kun ga mai zane ya rubuta 65 lb to wajen giram 176 ke nan, kusan ita ce. Ga akwatin da zai ɗauki nauyi ko abin sokawa bisa gato ina hawa 220 zuwa 250. Ku riƙa duba gefen takarda kafin ku saya, wata launin a sama kawai yake cikinta fari ne, da ka yanka sai farin ya fito a baki ya ɓata aikin, musamman baƙa da ja. Mai ƙyalƙyali kuwa tana cin lam kamar me, na ware mata tata daban. Lam ɗin da ke zuwa da injin, AutoBlade, da kanshi yake saita zurfi daga 1 zuwa 10, ƙarfin dannawa kuma daga 1 zuwa 33 ne, amma kar ku dogara da lambar da wani ya faɗa, akwai gwaji da injin ke yi, ɗan murabba'i da alwatika a ciki, in alwatikan ya ɗago sumul to ku ci gaba, in bai ɗago ba gara a maimaita yanka sau biyu da a ƙara ƙarfi har a huda tapi, faifan da ke ƙarƙashin takardar.

Tapin nan, shi ne faifan roba mai danƙo da ake manna takarda a kai, shi da ƙurar Yamai ba sa ga maciji. Da hunturu in na bar shi buɗe na je na duba tukunya na dawo, danƙon ya ragu, takarda ta fara zamewa, zane ya karkace. Ledar da yake zuwa da ita kar a yar, da an gama a mayar a rufe. In ya yi datti ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a bar shi ya bushe da kanshi a inuwa. Sabo kuma danƙonshi na da ƙarfi, sai a ɗan daddanna tsumma mai tsabta a kai kafin a fara. Wajen cirewa ki kife tapin ki lanƙwasa shi ya rabu da takarda, in kika ja takardar nannaɗewa za ta yi. Kan lam ɗin ma ana kwance shi a hure garin takarda, sau da yawa ba dakushewa ya yi ba datti ne. Na zaga kasuwa da kantunan littattafai ban samu tapi ko lam ba, duk sai an aiko min, wannan shi ne babban nauyin mallakar injin a nan.

Kuran in ya yanke ana tsakiyar yanka takardar ta tafi, shi ya sa na sayi ɗan ondiler, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, na jona injin a kai. Yana da ƙara, kusa da jariri mai barci ba za a yi ba. Akwai kuma buga-ka-yanka, ka buga hoto a imprimanti da wasu alamomi baƙaƙe a kusurwoyi sai idon injin ya karanta su ya yanka daidai gefen hoton, da shi nake yin tikitin manna na robar jus da na kado, yana son ɗaki mai haske da takarda marar sheƙi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zanen kanshi. Ka shiga shagunan nan za ka ga itacen Kirsimeti da ƙanƙara da kabewa ba iyaka, na azumi akwai fitilu da jinjirin wata kaɗan, namu kuwa babu. Ni ƴar Tawa ce, na tashi ina ganin zanen ƙwarya da na tabarma da aikin maƙeran azurfa na Abzinawa, kuma ranar da na zauna na zana tambarin Agadas na yanka shi a bristol ruwan zinari na manna bisa katin gayyatar aure, uwar amarya ta riƙe shi ta daɗe tana kallo ta ce ɗiyata wannan a nan aka yi shi? Tun ranar nan abin da na zana da kaina ya fi wanda na saya fita, dagi, zanen bango irin na Damagaram, furen lalle a bakin ambulan na goron salla. Ya ɗauke ni lokaci kafin hannuna ya faɗa, siririn layi yagewa yake yi, sai na koyi kaurara shi.

Sunaye ma haka. Yawancin rubutun ado da ake sayarwa ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ka rubuta Ruƙayya ko Balƙisa sai wurin ƙ ya fito wayam. Andika da Noto Sans suna da su kuma kyauta ne, amma ba na ado ba ne sosai, don haka in na so rubutu mai lanƙwasa sai in rubuta k in zana mata ƙugiyar da hannu in haɗe haruffan su zama jiki ɗaya, in sa wani faifai a baya ya riƙe ɗigon i. Iyaye na lura da wannan ƙugiyar fiye da yadda na zata.

Wadda ke so don biki guda kawai, ƴar uwa ki kai wa mai inji ta yanka miki, ya fi miki sauƙi. Wadda kuma ke da kwamfuta, tana da mai zuwa waje ko hanyar aike, tana kuma da haƙurin zama ta koyi zane, ni dai na ce ki saya, nawa ya maida kuɗinshi tuni. Ki ce a haɗo miki da tapi biyu da lam biyu na ajiya tun a sayen farko, da ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya na tsince ƙananan yanka. Mai tambayar yanka leda ta riguna kuma ku yi min haƙuri sai bayan salla, yanzu ambulan ɗari biyu ke gabana.