Hattara da masu tallan littafin "sirrin harkar gidaje"

Jama'a, duk mai niyyar shiga harkar gidaje da filaye da ya fara neman littafin da zai koya masa, ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗa. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne mutanen da suka damfare ni suna nan suna ci gaba da talla. Ba zan kama suna ba, don sunan da suka yi amfani da shi a lokacina tuni suka yar da shi. Salonsu ne ba ya sauyawa, shi zan kwatanta muku.

A Facebook na ga tallan. Littafi ne wai na masu farawa, zai nuna maka yadda za ka mallaki gidan haya ko da ba ka da jari mai yawa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai na saya, aka turo mini a waya. Shafi 96 ne. Babi biyun farko babu abin zargi a ciki: sun bambanta saye don a zuba 'yan haya da saye don a gyara a sayar, sun ce unguwar da gida yake ta fi fentinsa muhimmanci. Duk gaskiya ne, kuma gaskiyar nan ce ta sa na saki jiki. Daga babi na uku kuwa, duk inda aka zo gaɓar da mai koyo yake buƙatar lissafi, sai a ce cikakken bayani yana zaurenmu, a manna lambar waya. Daga baya na koma na ƙirga, sau 14 lambar nan ta fito. Kalmar asara ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Na shiga zauren na WhatsApp. Shugabanni kaɗai ke iya rubutu, sai awa ɗaya da daddare da ake buɗe wa kowa. Kullum da safe za a jero hotunan saƙon banki, wane ya samu kaza, wance ta karɓi ribar wata. Wata rana wani bawan Allah ya tambaya a wane ofishi aka yi wa kamfanin rajista. Kafin gari ya waye an goge tambayar, shi ma an cire shi, aka ce mana mahassada ne suke shigowa. Na gani da idona, amma ban tsaya na yi tunani ba.

Bayan wani darasin bidiyo na kyauta da suka yi mana sai wani ya kira ni, ya ce shi ne mai ba ni shawara. Muryarsa a kwance, ba gaggawa. Bai tambaye ni me na fahimta a littafin ba. Abin da ya tambaya shi ne nawa na tara, nawa nake samu a wata, akwai wanda zai iya ranta mini, ina da abin da zan iya sayarwa. Ya ce don ya zaɓa mini matakin da ya dace da ni ne. Ashe awon aljihuna yake yi. Na biya kuɗin horarwa na sati shida, wanda bai wuce maimaita littafin da baki ba. A sati na huɗu aka fito da ainihin abin da ake nufi tun farko: haɗakar jari. Ɗalibai za su haɗa kuɗi, kamfani ya sayi gida, a riƙa ba kowa kashi 5 cikin 100 na abin da ya zuba duk wata. Gurbi kaɗan ya rage, ƙarfe goma sha biyun dare za a rufe. Na zuba tarin shekara biyu.

Wata na farko an biya ni. Na biyu ma haka. Aka ce in na bar ribar a ciki za ta riƙa haihuwa, sai na bari, ina kallon lambobi suna hawa a shafin da suka buɗe mini.

Kawuna ne ya farkar da ni. Mutum ne da ya shekara fiye da talatin yana fama da gidajen haya, bai taɓa karanta littafi a kan harkar ba. Na nuna masa hoton gidan a waya, bene mai shuɗin ƙyaure, ina jiran ya sa mini albarka. Ya kalli hoton ya daɗe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, sunan wa ke jikin takardar gidan?" Na ce na kamfani. Ya ce, "Ka gan ta?" Na ce a'a. "Ka taka ƙafarka ka je gidan?" Na yi shiru. Sai ya ce, "To kai ba gida ka saya ba, cinikin biri a sama ka yi. Ni gidan da nake kwana kusa da shi bai taɓa ba ni rabin wannan a wata ba."

Daren nan na sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo wuraren da hoto ya fito a intanet. Ya fito a shafin wasu dillalai na wata ƙasa daban, an yi shekaru da sayar da gidan. Da na nemi cire kuɗina sai aka ce in fara biyan haraji kashi 10 kafin a saki. Ban biya ba. Wasu sun biya, ba su ga komai ba. Bayan sati uku aka rufe zauren, shafin ya daina buɗewa, lambar mai ba ni shawara kuma a kashe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin da zai cece ni bai fi minti biyar ba, kuma shi ne littafin ya tsallake da gangan. Bari in yi shi a nan da lambobi masu sauƙi. Ɗauka ka sayi gida a kan 100, hayar shekara ta kama 8. Wannan 8 ba taka ba ce duka. Rufi zai yi yoyo, famfo zai lalace, cire 1 na gyara. Haraji da inshora, cire 1. Wani ɗan haya zai tashi gidan ya zauna wata ɗaya ko biyu babu kowa, wani zai riƙe maka kuɗi, dillali zai karɓi la'adarsa, cire 1 kuma. Saura 5 a shekara guda. To mutanen nan 5 suka yi mini alkawari a kowane wata, wato 60 a shekara. Babu ginin da ke haifar da haka. Kuɗin da aka ba ni a watanni biyun farko daga aljihun sababbin shiga ya fito, wataƙila ma daga nawa. Wannan ita ce dabarar Charles Ponzi, wanda a 1920 a birnin Boston ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya har asirinsa ya tonu a shekarar.

Akwai kuma zancen da irin waɗannan littattafai suka fi so, wai ka sayi gida da kuɗin wasu. Ma'anarsa bashi. Koma kan gidan nan na 100: ka sa 20 naka, ka ranto 80 da ruwa kashi 7. Ruwan kaɗai ya kama 5.6 a shekara, gidan kuma 5 yake kawowa. Ka ga kai ne za ka riƙa cikawa daga albashinka, tun ba a zo kan uwar kuɗin ba. In kuma farashi ya faɗi da kashi 20, naka 20 ɗin ne ya tafi gaba ɗaya, bashin yana nan daram. Masu cewa farashin gida ba ya faɗuwa su tambayi mutanen Amurka: daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a can ya zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu a hannun bankuna.

Da na fara bincike bayan abin ya wuce, sai na tarar tarkon nan ya girmi kakannina. A 1822 wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Gregor MacGregor ya riƙa sayar wa mutanen Birtaniya filaye a wata ƙasa da ya kira Poyais, a gaɓar tekun da yau take cikin Honduras. Me ya sa aka yarda da shi? Littafin jagora. An buga littafi mai shafi sama da 350 yana kwatanta albarkar ƙasar, da kogunanta, da irin amfanin da manomi zai samu. Mutane wajen 250 suka hau jirage biyu na ruwa, wasu sun sayar da duk abin da suka mallaka. Da suka sauka babu birni babu tashar jirgi, sai daji. Fiye da rabinsu suka mutu. Shekara ɗari biyu ke nan, amma aikin da littafin ya yi shi ne wanda nawa ya yi mini: mutum yana ganin abu a rubuce, da babi da shafi, sai ya ɗauka mai ilimi ne yake magana ba mai talla ba.

Ko a zamanin nan kotuna sun sha fama da su. A 2012 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukuncin dala miliyan 478 a kan John Beck da abokan harkarsa, bayan ƙarar da hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta shigar. Suna tallan kundin koyon arziki ne a talabijin a kan dala 39.95, har da na harkar gidaje, sannan a bi mai saye da kiran waya a tallata masa horarwa ta dubban daloli. Kusan mutum miliyan ɗaya suka saya, kuma kusan dukkansu asara suka yi. Haka Trump University, cibiyar koyar da harkar gidaje ta Donald Trump, wadda ta yi aiki daga 2005 zuwa 2010: taron farko kyauta, na kwana uku dala 1,495, babban mataki kuma har dala 35,000. Ɗalibai da babban lauyan jihar New York suka kai ƙara, a 2016 aka sasanta a kan dala miliyan 25 ba tare da Donald Trump ya amsa laifi ba. Ku dubi tsanin da kyau, ƙarami ne a ƙasa, kowane mataki yana tura ka na gaba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce a daina karanta littafi ba. Bayan abin da ya same ni na karanta wasu, kuma na ƙaru sosai. Amma yanzu kafin in saya nakan duba jerin babobinsa. Littafin kirki za ka ga ya ɓata shafuka masu yawa a kan abubuwan da ba su da daɗin ji: yadda ake bin diddigin takardar mallaka a ofishin rajistar filaye, yadda ake gane gidan da aka jinginar ko wanda magada ke rigima a kansa, amfanin lauya da safiyo, yarjejeniyar haya, ɗan hayar da ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi. Yakan gaya maka cewa dokar ƙasa da haraji sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka dabarar da ta yi aiki a ƙasar marubucin tana iya zama laifi a taka. Kuma in ka kai shafin ƙarshe ya ƙare, ba ya tura ka wurin kowa. Wanda bangonsa ke ɗauke da hoton marubuci jingine da mota, cikinsa kuma labarin yadda ya tashi daga talauci, wannan ajiye shi. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, mutumin nan da haya yake cin abinci ko da ɗalibai?

In an kira ka ana tambayar abin da ka tara, kashe wayar. In an ce yau za a rufe, bar shi ya rufu, gida ba ya gudu cikin dare ɗaya. In kuma haɗakar jari ce, nemi lambar rajistar kamfanin ka duba da kanka a wurin hukumar da ke kula da zuba jari a ƙasarka, ba ta hanyar adireshin da su suka turo maka ba. Ka je ka ga ginin, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambayi wanda ke ciki wa yake biya haya.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru kamar yadda na yi. Sanar da bankinka a ranar, don jinkiri ne ke ba su damar kwashe kuɗin zuwa wani asusun. Ɗauki hoton duk hirarku da rasit da lambobin asusu kafin su goge, ka kai wa hukuma. Sannan ka shirya wa zagaye na biyu: kwana goma da rufe zauren wata mata ta kira ni, ta san sunana, ta san adadin da na zuba, ta ce su masu ƙwato kuɗin waɗanda aka damfara ne, in biya kuɗin buɗe fayil kawai. Waɗannan bayanai mutum ɗaya kawai na taɓa ba wa, shi ne mai ba ni shawara.

Satin da ya wuce tallan ya sake biyowa ta wayata. Sunan kamfani sabo, bangon littafin ya koma kore, marubucin ma wani ne daban. Na buɗe samfurin da suke bayarwa kyauta, sai ga kuskuren rubutun da na sani a shafi na 7 yana nan ba a gyara ba. A ƙasan tallan kuma ga benen nan mai shuɗin ƙyaure, mutum sama da ɗari uku sun rubuta suna tambayar yadda za su samu littafin.