Izmir ko Samsun? Ni dai Izmir zan ce maka

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya wace tabar Turkiyya za ka shuka tsakanin Izmir da Samsun, to in dai a hosh, wato tsakar gida, za ka shuka nan wajen Sinnar ko Maiurno a Sudan, ɗauki Izmir kawai ka huta.

Dalili kuwa, ita Izmir asalinta yammacin Turkiyya ne, gefen tekun Ijiyan, ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta da ƙarfi, rani ba ruwan sama, rana ƙwal. Wahalar nan ita ke sa ganyen ya tsaya ƙanana ya tara ƙamshi da zaƙi, nikotin ɗinta kuma kaɗan ne, wajen kashi 1 cikin 100. To mu rana da fari ai ba sai mun aro ba. Tawa a bayan rakuba, wato rumfa, na dasa ta, in na fito da asuba na taɓa ganyen sai yatsuna su yi danƙo, ƙamshin ya bi hannu har bayan na wanke. Da na shanya ta, wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi zaman Fashir a Darfur ya san taba ciki da waje, ya murza ganye ɗaya ya shinshina ya yi shiru, can sai ya ce yaro wannan ba ta talaka ba ce. Ranar ya fi awa a wajena yana juya igiyoyin.

Samsun kuwa ta bakin Bahar Aswad ce inda iska ke da laima, ganyenta ya ɗan fi girma ya fi duhu, masu ita suna yabonta, ni dai da na saya iskar Fabrairu ta ƙone mata baki kafin ta nuna, kuɗina ne suka tafi.

Amma fa ko Izmir ɗin sai ka kiyaye ƙasa. Baƙar lakar nan tamu ta Jazira da Gadarif ta yi mata nauyi, tana riƙe ruwa saiwa ta ruɓe, sai ka haɗa da yashi sosai ko ka sa a jardal, wato bokiti, mai huda a ƙasa. Takin yuriya kuma ka nisanta shi, da ka zuba za ka ga ganye ya yi faɗi ya yi kore shar ka ji daɗi, alhali ƙamshin ya gudu kenan. Ruwan rijiya mai gishiri shi ma ba ya yi, ganyen ba zai ci wuta da kyau ba, ruwan kogi ya fi. Irin ƙanana ne kamar ƙura, a giram ɗaya akwai fiye da 10,000, ka barbaɗa a saman ƙasa mai danshi kar ka rufe don yana son haske kafin ya tsiro, sati ɗaya zuwa biyu zai fito. In ka yi reno a Oktoba bayan kharif, wato damina, ya ɗauke, Disamba ka dasa, ka matse su kusa da juna kamar santimita 15, kuma ba a yanke mata kai yadda ake wa sauran taba, a bar ta ta yi fure abinta.

Shanya ita ce wajen da mutane ke faɗuwa. Ana tsinka ne daga ganyen ƙasa in ya fara rawaya, a hau sama sannu sannu, da sassafe, ka sa safar hannu in ganyen da raɓa don nikotin na shiga ta fata ya sa jiri da amai. Ka soke su da basilla ta jijiyar tsakiya ka jera a zare. Kar ka kai su rana kai tsaye, zafinmu zai busar da su suna kore kuma kore ba ya komawa, ɗaci zalla. Ka rataye a inuwa kwana 2 ko 3, ka yafa jiƙaƙƙen buhu kusa da su har su yi rawaya, sannan rana ta ƙarasa sati 2 zuwa 3 har jijiyar ta karye ƙas. Kafin ka sauke ka bar su su kwana kusa da zir, wato randar ruwa, su yi laushi, in ba haka ba gari za ka kwasa. Sai a danne a kwali wata 6 ko fiye. Kuma kar sauƙin nikotin ya ruɗe ka, taba taba ce a ƙirji.

Wani abu da ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu tallan iri a Facebook da suke cewa turo kuɗi tukuna. Da yawansu irin tumbak na Darfur suke ƙullawa a leda su rubuta Turki a jiki. Tumbak wata taba ce daban, mai ƙarfin tsiya, ƙwayar irinta ta fi girma, furenta rawaya ne mai ɗan kore, na Izmir kuwa ruwan hoda ne, sai dai kafin fure ya tona asiri ka riga ka yi wata uku kana ban ruwa. Ka ce wa mai tallan ya nuna maka bidiyon shukarsa da fure a kai, in ya fara kame-kame ka wuce. 'Yan uwa na Makka da Jidda da ke karanta wannan kuma kar ku gwada, dokar Saudiyya ta hana noman taba.

In hanya ta biyo da kai ta nan ka tsaya in ɗibar maka irin tawa, kwanso ɗaya ya ishe ka hosh gaba ɗaya.