Penderecki ko Górecki: Da Wa Ya Kamata a Fara?

Duk mai son sanin kiɗan gargajiyar Turai irin na ƙasar Poland a ƙarni na 20 zai ci karo da sunaye biyu, Krzysztof Penderecki da Henryk Górecki, waɗanda aka haifa a shekara guda, wato 1933, amma kowa ya kama hanyarsa.

Penderecki ya yi suna ne da kiɗan makokin mutanen Hiroshima, birnin Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya, wanda ya tsara a 1960 domin kayan tsirkiya 52. Babu daɗin amo a cikinsa; goge yana ƙara kamar jiniya, makaɗa na ƙwanƙwasa jikin kayan kiɗansu, cikin mintoci ƙasa da goma hankalin mai sauraro ya gama tashi.

Górecki kuwa, a babban kiɗansa na uku da ya rubuta a 1976, ya bi a sannu har kusan sa'a guda, muryar mace ɗaya tana rera kukan rabuwar uwa da ɗa. Baitocin kashi na biyu na kiɗan addu'a ce da wata yarinya 'yar shekara 18 ta rubuta a bangon kurkukun 'yan Nazi na Jamus a garin Zakopane na Poland, tana roƙon mahaifiyarta kada ta yi kuka. Faifan da aka fitar a 1992 ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya, abin da ba a saba gani ba a wannan fagen.

A ganina sabon shiga ya fara da Górecki, domin kunnen da ya saba da waƙar makoki zai karɓe shi nan take, alhali Penderecki sai an yi masa haƙuri an maimaita saurare.