Masu kwasar kayan gida daga Legas zuwa Kano: yadda aikinsu yake tsakani da Allah

Mutane sun yi ta tambayata yadda muka yi da kayan gidanmu da muka taso daga Legas muka dawo Kano, wasu har cewa suke in turo musu lambar mutanen, to bari kawai in rubuta kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. A taƙaice dai aikinsu ya yi, kuɗinsu ma ba laifi, amma duk wanda ya ɗauka zai miƙa musu mukulli ya je ya miƙe ƙafa to wallahi zai sha mamaki. Sunan ofishin ba zan kama ba tunda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma irinsu sun yi yawa a Agege da Mile 12, kusan duk tsarinsu ɗaya ne.

Abinda ya kamata ka fara sani shine mutanen nan basu da mota ko ɗaya tasu. 'Yan kamasho ne da suka waye, suka kama ɗan shago suka sa tebur da bana da lambar WhatsApp. Kullum ta Allah manyan motoci na shigowa Legas daga arewa, masu albasa da tattasai da tumatir su sauke a Mile 12, masu shanu su nufi mayankar Oko-Oba a Agege, to bayan an sauke lodi babu direban da ke son ya koma sama da kilomita 1,000 wayam yana ƙona dizal a banza, ko nawa ya samu na komawa riba ce. Nan ne waɗannan mutanen ke shigowa, su haɗa ka da motar da dama can gida za ta. Shi ya sa da na je wani babban kamfani a Ikeja mai rufaffun motoci da ma'aikata masu yunifom, kuɗin da suka yanka min ya kusa ninki biyu na 'yan kamashon Agege da na yi aiki da su, dan su zuwa da dawowa suke lissafa maka. Ba zan rubuta nawa na biya ba saboda farashin yana bin kuɗin dizal ne da kuma yawan motocin da ke ƙasa a satin, lokacin da kayan gwari suka yi yawa motoci sun cika gari sai ka ga an sassauta.

Inda suka fi burge ni shine ranar lodi. Sun zo da matasa majiya ƙarfi da wani dattijo Basakkwace da kowa ke kira Baba, shi baya ɗaga komai, tsayawa yake yana nuni da hannu, amma gaskiya kuɗin da na biya rabinsa na Baba ne. Yana shigowa ɗakin ya kalli sif ɗin uwargida ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa yace "Alhaji wannan in ba a kwance ta ba ko Ibadan ba za ta kai da ranta ba, a kira kafinta." Aka kira kafinta ya kwance ta da gadaje, Baba yasa aka zuba kusoshin kowanne a leda daban aka ɗaure a jikinsa da salatif. Janareto yace sai an juye man da ke ciki tas, tukunyar gas ma yace in da saura a ba makwabta su ƙarasa ko a bar ta, shi ba zai ɗora wuta a bayan mota ba. Masu nauyi irin firiza da buhunan littattafai su aka fara kaiwa can gaba jikin kan mota, katifu ya jera su a tsaye suka zama bango, talabijin ya shiga tsakanin katifa biyu, firji kuma a tsaye aka ɗaure shi da igiya ta sama da ta ƙasa kamar an yi goyo. Da ya zo kan tangaran da kulolin uwargida sai ya sassauta murya yace "Hajiya kawo tsofaffin zannuwanki da labule, kwali kaɗai baya riƙe faranti a hanyar Lapai." Duk wani faranti da aka naɗe yadda ya ce lafiya lau ya iso.

Amma fa araha ba ta ado. Motar da aka kawo mana albasa ta sauke, an share an shimfiɗa tamfol amma duk da haka katifunmu sun daɗe suna warin albasa, sai da aka yi ta shanya su ana turare. Ka tambaya tun kafin a kawo motar me ta ɗauko, in shanu ne ka ce sai an kai ta an wanke da ruwa da omo ta bushe ko a canza maka wata, kada ka ji kunya. Sannan ka hau da kanka ka duba tamfol ɗin rufi, in da damina ne ƙaramar huda ɗaya ta isa ta jiƙa maka kujeru tun kafin a fita Ogun.

Maganar takarda kuma nan ne suke da rauni sosai. Abinda suke kira webil wata 'yar takarda ce da aka rubuta "kayan gida" da biro aka buga hatimi, shikenan. Ni na zauna na rubuta komai ɗaya bayan ɗaya, kwali nawa, katifa nawa, na sa mai ofishin da direba suka sa hannu, na ɗauki hoton lambar motar da lasisin direba da kayan a cikin mota kafin a rufe. Basu so ba, mai ofishin har yana cewa "haba Alhaji ai mu 'yan uwa ne", nace ai saboda zumuncin ya ɗore ne. Inshora babu, in ka tambaya sai a ce maka Allah zai kiyaye. Kuɗi kuma sun so in biya duka a Legas, na ƙi, na bada rabi ta transfa dan ya zama akwai shaida, ciko sai kaya sun sauka a Kano. Kada ka sake ka sa takardun makaranta, takardun fili, gwal ɗin mata, kwamfuta ko magani a babbar mota, waɗannan a motarka za su zauna. In kana da sabon kaya a kwalinsa ka riƙe rasit, kuma kada a cusa maka buhun shinkafar waje a ciki dan akwai shingayen kwastan a hanya, abu ɗaya zai iya sa a tsare motar gaba ɗaya.

Mu da yara a tamu motar muka taho. Kafin tafiya na kai ta gareji aka yi juye aka duba birki da lagireto, na canza tayoyin gaba na tabbatar safaya na da iska da jak. Mun fita bayan asuba dan mu tsere wa cunkoson Berger, hanyar Legas zuwa Ibadan yanzu ta yi kyau ba kamar shekarun da ake aikinta ba, sai dai ka kula a Ogere inda tireloli ke fakin a gefen titi. Daga Ibadan hanya biyu ce, ko ka bi Oyo da Ogbomosho da Ilorin ka haye gadar Jebba ka shiga Mokwa, ko ka bi Ife da Akure da Owo da Okene ka faɗa Lokoja. Mu ta Lokoja muka bi saboda iyali, akwai garuruwa kusa kusa da gidajen mai da wurin sallah da abinci, sai dai in ƙarshen damina ne ka fara tambaya dan ambaliya ta taɓa datse hanyar wajen Koton Karfe a 2012 da kuma 2022, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mun kwana a Gwagwalada wajen 'yan uwa, da safe rana ta fito sosai sannan muka kama hanyar Kaduna, ni dai ba zan bi Katari da Rijana da dare da yara a mota ba ko me za a bani. Daga Zariya zuwa Kano kuwa titi sumul, kafin ka ankara ka wuce Kwanar Dangora ka wuce Kura ga Na'ibawa. Man fetur shi ya fi cin kuɗi, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 doguwar tafiya a motar gida ta daina zama abin wasa. Abin haushi layin dogo ya haɗa Legas da Kano sama da shekara ɗari da suka wuce, amma yau ga mu muna bin motar albasa da kayan ɗaki.

Babban ƙorafina shine lokaci. Cewa suka yi jibi kayanka na Kano, amma sai da aka kusa cinye sati. Direban ta Ilorin da Mokwa da Bida ya bi, kuma kowa ya san yadda hanyar Lapai zuwa Lambata take, tirela ɗaya ta lalace ko ta faɗi shikenan kowa ya tsaya, wannan ba laifinsa bane. Laifin shine ashe bayan mun rabu sun tsaya a hanya sun ƙara lodin wani a sauran filin da ya rage a baya, wanda za a sauke a Kaduna, alhali ni shatar mota guda na biya. Ban sani ba sai da yaron motar ya suɓuce baki a waya yace suna Kawo suna jiran mai kaya. Na kira ofis mai ofishin ya fara kame kame wai taimako ne aka yi wa wani bawan Allah. Ga wayar direba rabin lokaci a kashe, in ka samu yace ba caji ko ba sabis, mu kuma muna nan a gidan da ba katifa ba tukunya, yara na kwana a tabarmar aro, abinci daga gidan yayata ake kawowa. In za ka yi da su ka sa a rubuce cewa ba ƙarin lodi, kuma mafi kyau ka samu wani ƙaninka ko yaronka mai haƙuri ya bi motar, ka bashi kuɗin abinci da fawa bank.

Ranar da suka iso wata sabuwa ta taso, motar ba za ta iya shiga layinmu a Hotoro ba saboda kwana da wayoyin wuta da suka yi ƙasa. A bakin titi ta tsaya, muka nemo 'yar ƙurƙura da 'yan dako suka yi ta jigila, kuma wannan kuɗin daga aljihuna ya fita dan su a wajensu "Kano" na nufin inda mota ta iya tsayawa. Masu sauke kaya ma ba sa cikin ciniki, Baba da yaransa a Legas suka tsaya, ga kayan da aka ɗora da ilimi ana sauke su da gaggawa. A nan madubin sif ya tsage, ƙafar kujera ɗaya ta karye, firiza ta lotsa a gefe amma tana aiki. Na riƙe ciko na turo wa mai ofishin hotuna, muka yi ta ja, a ƙarshe ya yarda aka cire kuɗin madubi da na kafinta, direban ma bai yi rigima ba ya karɓi sauran yace a yafi juna. Da na biya duka tun a Legas na san ko sisi ba zan gani ba. Firji kuma kada ka jona shi yana sauka, ka bar shi a tsaye ya huta zuwa washegari man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Daga nan aikinsu ya ƙare, zaman gari kuma naka ne. Ragowar yunit ɗin wuta da ke mitarmu ta Legas can muka bar wa mai shigowa dan kati baya bin mutum, a nan kuma kamfanin wutar KEDCO ne, kafin ka biya dillali la'ada ka sa a duba maka ko akwai tsohon bashi a kan mitar gidan. Ka tambayi ruwa kafin ka tambayi fenti, in gidan ba bohol to kai da 'yan garuwa ne kullum, kuma ka lissafa wannan a cikin kuɗin haya. Na je na gaida mai unguwa na gabatar da kaina, limamin masallacin layin ma haka, cikin 'yan kwanaki har an haɗa ni da mai gyaran wuta da mai kawo ruwa na kirki. Makarantar yara sun nemi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe, gara ka karɓo su tun kana Legas. Su yaran har yanzu in za su kira mai adaidaita sai su ce "keke", 'yan layin na ta tsokanarsu wai 'yan Ikko, ƙaramar kuwa da hunturu ya shigo leɓenta ya fashe kuka ta dinga yi tana cewa a mayar da ita gida, sai da aka haɗa da man kaɗanya da rigar sanyi. Katakon kujerun da suka saba da laimar Legas su ma iskar hunturun ta sa sun fara buɗewa a mahaɗa, kafinta ya sake bi da gam.

Shawarar da zan ƙara ita ce kada ka kwaso komai. Robobi, bokitai, tsofaffin kujerun roba, ruɓaɓɓen teburin kicin, duk ka sayar ko ka bayar a can, Kofar Wambai da Sabon Gari na nan cike da su kuma kuɗin ɗaukarsu ya fi kuɗinsu. In kayanka na katako ne masu tsada da gilasai da yawa, ko kamfaninku ne zai biya, je ka ɗauki masu rufaffiyar mota da inshora ka huta. In kuma irina ne mai lissafin kowace naira, kana da wanda zai bi mota kuma za ka iya jure kwana a tabarma na ɗan lokaci, 'yan Agege sun isa, ni a goma zan basu shida da rabi, kuma in ka je ka ce lallai dattijon da ya iya lodi kake so a turo maka ba yara kaɗai ba.